Gabas ta Indiya Ba Alƙibla Ba Ce

Ciwon baya ne ya kai ni ga yoga, ba neman Allah ba. Gara in faɗi haka tun da wuri, domin masu irin wannan labari sun saba farawa da cewa ransu ne ya yi ƙishi, suka bar gida suka nufi gindin duwatsun Himalaya neman gaskiya. Ni karatu ya kai ni birnin Pune na ƙasar Indiya a 2016, kuma ban cika wata shida ba zaman kujera gaban kwamfuta ya riƙe mini ƙugu, har ta kai in na yi ruku'u sai na dafa bango kafin in ɗago. Na sha ƙwayoyi har cikina ya fara yi mini zafi. Likita ya tura ni wurin masu gashin ƙashi, su kuma bayan mako uku suka ce sun yi nasu, saura nawa: in nemi ajin yoga in shiga.

Na kwana biyu ina juya maganar. Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya, in an ce yoga abin da ke zuwa mana a rai shi ne wani tsoho mai gemu buzu-buzu, ya tanƙwashe ƙafa gaban gunki, hayaƙin turare na tashi. Amma wanda baya ya hana wa barci ba ya doguwar shawara. Na je.

A saman wani bene ake yi, ƙarfe shida na safe, wato ina idar da asuba sai in ɗauki 'yar tabarmar roba in kama hanya. Mu kusan ashirin ne, yawanci dattawan mata da ma'aikatan ofis masu tumbi. Malamar wata dattijuwa ce siririya, kanta fari fat da furfura, ba ta ɗaga murya. Ta ce a rufe ido, suka ja "Om", kalmar da mabiya Hindu ke ɗauka mai tsarki, sau uku, ni na yi gum da bakina, ba wanda ya kula. Daga nan sai tsayuwa, sunkuyo, murɗa ƙugu, ɗaga ƙafa ɗaya, riƙe numfashi a sake shi a hankali. Ba abin da ya ɗaga mini hankali. Rabinsa ma mun yi shi a filin firamare, malamin motsa jiki na tsaye a kanmu da bulala.

A kwana na uku ne ta ce kowa ya juya gabas.

Bahaushe in an ce masa ya fuskanci gabas, jikinsa ba ya gardama. A Kano gabas ita ce alƙibla, shi ya sa in ana so a ce wane ba ya salla sai a ce ba ya kallon gabas. Na juya ba tare da tunanin komai ba, sai da na ga rana tana ɓullowa jajir ta bayan gine-gine sannan na tuna cewa daga Pune Makka tana yamma. Na ba Ka'aba baya ke nan, na fuskanci rana. Abin da za a yi sunansa surya namaskar, gaisuwar rana. Matakai goma sha biyu ne, kowanne da kalmar da ake furtawa, kuma kalmomin sunayen ranar ne: Mitra, Rabi, Surya, Banu, har zuwa ƙarshe. Ana haɗa tafuka a ƙirji, a ɗaga hannu sama, a sunkuya, a tsakiyar abin kuma a kai gaɓoɓi takwas ƙasa: ƙafa biyu, gwiwa biyu, hannu biyu, ƙirji da haɓa. Mu sujadarmu a kan gaɓoɓi bakwai take. Ayar Suratu Fussilat ta faɗo mini, wadda ta ce kada ku yi sujada ga rana ko ga wata. Sannan ga lokacin: daidai hudowar rana, lokacin da ko nafila an hana mu yi, kuma hadisin Amru ɗan Abasa a Sahihu Muslim ya faɗi dalili, cewa a sa'ar nan ne masu bautar rana suke yi mata sujada.

Na naɗe tabarmata na koma jikin bango. Da aka tashi ta zo ta same ni. Takan kira ni "beta", wato ɗana.

"Beta, bayan ne ya motsa?"

Na ce, "A'a Mama, addini ne."

Na yi mata bayani iya yadda zan iya, ina jiran ta ce mini abin da na saba ji daga abokan karatuna, cewa ai motsa jiki ne kawai, ba komai a ciki. Ba ta ce haka ba. Cewa ta yi a wurinta ibada ce, haka mahaifinta ya koya mata, ba za ta yi mini ƙarya ba. Amma ƙashin bayana bai san gabas da yamma ba. In sun juya, ni in tsaya inda nake, ta nuna mini wasu motsi huɗu da za su yi wa ƙugu aiki ɗaya, ba sunan kowa a cikinsu.

Tun daga ranar nake ganin gardamar da ake yi a kan yoga a tsakaninmu, wadda yanzu ta shigo wayoyin matanmu da ɗakunan motsa jiki na Abuja da Kano, gardama ce ta masu kuɗin goro. Wani ya ce shirka ce daga farkonta har ƙarshe, ko tabarmar kada ka taɓa. Wani ya ce ba ruwanta da addini ko kaɗan, masu tsattsauran ra'ayi ne ke neman magana. Dattijuwar nan ta fi su duka gaskiya.

Mai cewa ba ruwan yoga da addini bai karanta asalinta ba. Littafin da ake jingina ta gare shi, na wani malami mai suna Patanjali, gajerun jimloli ne kusan 195 cikin harshen Sanskrit, kuma ya kasa hanyar zuwa matakai takwas. Zaman jiki mataki ɗaya ne tak daga ciki, jimla uku kawai aka yi a kansa. Sauran magana ce ta tsare kai, da kame numfashi, da tsayar da kai-kawon zuciya, har mutum ya kuɓuta daga abin da suka yi imani da shi na mutuwa da sake dawowa duniya. Wannan aƙida ce, ba wasan guje-guje ba. Su kansu mabiya addinin Hindu ba sa jin daɗin yadda ake goge sunansu daga abin. A 2010 wata ƙungiyarsu a Amurka ta yi ta kamfe a kan a daina raba yoga da tushenta.

Mai cewa duk shirka ce shi ma bai san cewa yawancin abin da ake yi a ɗakunan motsa jiki yau bai daɗe da haɗuwa ba. A shekarun 1930 wani malami, Krishnamacharya, ya koyar da samari a fadar sarkin Maisur, kuma masu bincike sun nuna yadda salon nasa ya ɗebo daga atisayen 'yan kokawar Indiya da wasan motsa jikin Turawa na zamanin. Ɗalibinsa Iyengar a Pune ya zauna, cibiyarsa da aka buɗe a 1975 tana nan har yau, kuma in ka ga kayan aikin salonsa, igiyoyi a bango, da katako, da bel, da kujeru, sai ka ɗauka ɗakin gashin ƙashi ne. Ita kanta gaisuwar ranar, a jere yadda ake yin ta yanzu, sarkin wata 'yar ƙaramar masarauta mai suna Aund ne ya yaɗa ta a shekarun 1920, don ƙarfafa jikin talakawansa. Ba wannan ne zai sa in yi ta ba, tunda na ji sunayen da ake kira da kunnena. Amma ya nuna cewa buhun nan ba abu ɗaya ne a cikinsa ba, kuma mai hankali yakan zazzage ya tsince.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne magabatanmu sun fi mu ƙarfin hali a nan. Shekara dubu da ta wuce, Abu Raihan al-Biruni ya zauna ya koyi Sanskrit, ya fassara littafin Patanjalin nan zuwa Larabci, ya rubuta abin da Indiyawa suka yi imani da shi dalla-dalla, ya kuma mutu yana Musulminsa. Bai yi hukunci da jita-jita ba. Yau kuwa sai a tambayi mai wa'azi a rediyo, wanda ko sau ɗaya bai ga yadda ake yi ba, kafin mai tambaya ya rufe baki an yanke.

Inda aka zauna aka duba, kusan wuri ɗaya aka ja layi. Majalisar fatawa ta ƙasar Maleshiya ta haramta wa Musulmi yoga a Nuwamban 2008, aka yi ta ce-ce-ku-ce, har firaministan lokacin, Abdullah Badawi, ya fito ya ce wanda zai yi don lafiya ba tare da furta kalmomin bauta ba yana iya ci gaba. Bayan wata biyu majalisar malaman Indunusiya ta fitar da tata fatawar a kan wannan rabe-raben: mai ɗauke da ibadar Hindu haramun, wadda motsa jiki ce zalla ba laifi. Saudiyya ta sanya yoga cikin jerin wasannin da ake ba lasisi a 2017, bayan doguwar fafutukar wata mata, Nouf Marwaai. Abin dariya, Kiristocin jihar Alabama ta Amurka su ma a nan suka tsaya. Sun hana yoga a makarantun gwamnati tun 1993, da suka ɗage hanin a 2021 sai suka ce a yi motsin, amma ban da rera kalmomin bauta, ban da gaisuwar "namaste", sunayen motsin ma sai da Turanci. Malaman Jakarta da 'yan majalisar Alabama ba su taɓa zama inuwa ɗaya ba, amma ido ba mudu ba ne, ya san ƙima.

A Indiya kuwa akwai siyasa a ciki, kuma duk wanda ya zauna can ya ji ta a jikinsa. Firaminista Narendra Modi ne ya kai maganar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2014, ƙasashe 177 suka mara masa baya aka tsayar da 21 ga Yuni ranar yoga ta duniya. A bikin farko a Delhi, 2015, mutum 35,985 suka yi a wuri ɗaya. Ƙungiyoyin Musulmin ƙasar suka ƙi yarda da gaisuwar rana, gwamnati ta cire ta daga tsarin bikin. A lokacin ne wani ɗan majalisa na jam'iyya mai mulki, Yogi Adityanath, ya ce masu ƙin gaisuwar rana su je su faɗa teku. Shi dai wannan mutumin, da ya zama babban ministan jihar Uttar Pradesh a 2017, sai ga shi yana cewa ai gaisuwar rana da sallar Musulmi kusan abu ɗaya ne. Musulmin Indiya da ke ɗari-ɗari da yoga ba jahilci ne ke damunsu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan magana ta "salla ita ce yogar Musulmi" na tsane ta, ko daga bakin wa ta fito, kuma na fi jin haushinta daga bakin namu. Ana ta yaɗa hotuna, an jera mai ruku'u kusa da mai yoga, ana lissafa amfanin sujada ga jijiyoyin wuya da gudun jini zuwa ƙwaƙwalwa. Masu yi suna ganin kare addini suke yi. To in don gwiwa da wuya ake salla, majinyacin da ke yin tasa a kwance da nuni ya tashi a banza ke nan? Kama da wane ba wane ba ce. Ana sujada ne don an ce a yi, ga Wanda ya ce a yi, ko tana gyara baya ko ba ta gyarawa.

Amma zan yi ƙarya in na ce ajin nan bai taɓa sallata ba. Ya taɓa ta, ta inda ban zata ba.

A ƙarshen kowane zama akwai abin da suke kira kwanciyar gawa. Kowa ya miƙe rigingine, hannu a sake, ido a rufe, minti biyar zuwa goma, ba abin da za ka yi sai lura da shigar numfashi da fitarsa. Malamar ta ce in ƙirga goma, in zuciyata ta tafi wani wuri in koma ɗaya. Wallahi na yi mako biyu ban kai shida ba. Ɗaya, biyu, kuɗin haya. Ɗaya, biyu, uku, wata magana da wani ya gaya mini shekara biyar da ta wuce, da amsar da ya kamata in ba shi. Ban taɓa sanin kaina kasuwa ba ce sai da aka ce in yi shiru in saurara. Sai wata rana a sallar azahar na kama kaina ina tahiya ban san surar da na karanta ba. Na duba agogo a la'asar: raka'a huɗu, minti uku bai cika ba. Kaza na caccakar tsaba.

Abin haushin, ba wani sabon ilimi ba ne. Tun ina yaro a zauren malam na haddace a Ahalari cewa natsuwa da daidaito suna cikin farillan salla. Na san hadisin mutumin da ya yi salla a gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka ce masa koma ka yi salla, ba ka yi salla ba, har sau uku, sannan aka koya masa ya yi ruku'u har ya natsu, ya ɗago har ya daidaita, ya yi sujada har ya natsu. Na iya biya shi da ka. Amma sai da wata 'yar Hindu ta kwantar da ni a kan siminti ta ce ƙirga numfashinka sannan na gane ban taɓa aikata shi ba. Laifin ba na littafin ba ne. An koya mana sunan natsuwa, an kuma koya mana hukuncin wanda ya bar ta, amma ban tuna wanda ya taɓa zaunar da ni ya nuna mini yadda ake kamo zuciya in ta gudu ba. Masu ɗariƙa suna da wannan a wurinsu, da muraƙaba da halwa da lazimin safe da yamma, amma rigimar da ta raba masallatanmu ta sa da yawa daga cikin tsarata mun tashi muna ganin duk zaman shiru da carbi abin tuhuma ne. Turawa kuwa suka ɗauki irin wannan zama daga mabiya Buda, wani masani Jon Kabat-Zinn ya cire masa rigar addini a 1979 ya mai da shi shirin mako takwas a asibitin jami'ar Massachusetts, yanzu ga shi ana sayar mana da shi a manhajar waya.

Shirun kansa ba shi da addini. Abin da ka zuba a cikinsa shi ne magana. Na taɓa bin wani aboki zaman zuzzurfan tunani inda mai jagoranta ya ce mu maimaita a zuci cewa mu da Mahalicci abu ɗaya ne. Na buɗe ido na nemi takalmina. A nawa zaman, in numfashi ya lafa, istigfari nake yi.

Da na dawo gida na kai wa malaminmu na unguwa gaisuwa, na kwashe duka na gaya masa, ina jiran faɗa. Ya saurara yana jan carbi, sannan ya yi tambayoyinsa. Me kake furtawa? Na ce ba komai, Allah ya gafarta Malam. Wa kake nufi da sunkuyon? Na ce ba kowa. Da mata kuke cakuɗuwa? Na ce a can haka ajin yake, a nan kuwa ni kaɗai ne a ɗaki. Ya ce in nuna masa. Na durƙusa a kan buzunsa na gantsare baya na sake, yara na leƙe ta taga. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Kai ɗan nan, ashe miƙa ma sai an je Indiya an koyo?" Ya ce bai ga laifi ba, sai dai in daina kiranta yoga, in ce miƙa, kada wani ya ji ya je ya kwaso har da abin da na bari. Na fahimci tsoronsa, amma a nan ban bi shi ba. Wanda ya ci abincin gidan mutane ya kamata ya faɗi gidan da ya ci, ya kuma faɗi abin da ya tsame ya ajiye a gefen kwano. Ɓoye sunan ba zai hana yaranmu gani a YouTube ba, sai dai ya hana su jin inda layin yake.

Duk wannan gardama ta aƙida, a ganina, ta ɗauke mana hankali daga inda ɓarnar ta fi yawa, wato kasuwar waraka. Abin da bincike ya tabbatar wa yoga ba shi da yawa, amma na gaske ne: a 2017 ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta sanya ta cikin abubuwan da mai daɗaɗɗen ciwon ƙasan baya zai fara gwadawa kafin ƙwayoyi. Ni shaida ne, bayana ya yi sauƙi, kuma in na yi sakaci na wata guda yakan dawo ya gaishe ni. Amma daga nan zuwa cewa tana warkar da ciwon suga da kansa da hawan jini akwai tafiya mai nisa, kuma a wannan tazarar ake cin kuɗin marasa lafiya. Baba Ramdev, wanda ya yi suna da koyar da yoga a talabijin, kamfaninsa ya fito da wani magani a Yunin 2020 da sunan maganin korona, kuma a 2024 kotun ƙolin Indiya ta sa shi da abokin kasuwancinsa suka nemi afuwa a jaridu saboda tallace-tallacen da ke yaudarar jama'a. Steve Jobs na kamfanin Apple, da duk kuɗinsa da wayonsa, da aka gano masa ƙari a 2003 ya yi wata tara yana gwada tsarin abinci da wasu hanyoyin kafin ya yarda a yi masa tiyata.

Mu kuwa ba baƙi ba ne a wannan kasuwa. Motar nan mai lasifika a bakin tasha, kwalba ɗaya tana maganin basir da shawara da taifod da sanyi da suga, mun san ta. Mun san wanda ya mai da ƙaho da habbatus sauda, abubuwa masu asali, suka zama maganin ƙoda da ya gagari asibiti. Sabon abin shi ne yanzu mai maganin yana iya zuwa da farar riga da tabarmar roba da kalmomin Indiya, ya ce zai buɗe maka wasu ƙofofin ƙarfi a jikinka, a biya ta banki. Wanda ke jin tsoron kalmar "Om" amma yana ba mahaifiyarsa ruwan jarka a madadin maganin hawan jininta, ban san wane irin lissafi yake yi ba.

Kwanan baya wani maƙwabcina, dattijo ne mai ciwon suga, ya tare ni a ƙofar masallaci bayan magariba. Ya ji labari wurin yaran nan masu leƙen taga.

"Malam, an ce kana da wani atisaye na Indiyawa mai narkar da suga."

Na ce, "Baba, ba ya narkar da suga. In kana so gobe bayan asuba in nuna maka na gwiwa da na baya, amma da sharaɗin ba za ka ajiye ƙwayarka ba."

Ya dube ni, ya ce to in ba ya narkar da suga meye amfanin wahalar. Washegari na jira shi a zaure da tabarma biyu har rana ta fito, bai zo ba.